Hoton imel yana fita a yanke a faks

Malam, kana tambaya me ya sa hoton JPEG da ka liƙa a imel yake isa faks a yanke, abin da ya fito ɗin ma baƙi ƙirin. Girma ne ya yi masa yawa. Faɗin shafin faks na A4 ɗigo (wato pixel) 1728 ne, hoton wayar yanzu kuwa yakan kai 4000. Sa ImageMagick (manhajar gyara hoto) ya rage faɗin zuwa 1728, ya mayar da shi nau'in hoto na TIFF fari da baƙi, kafin ka miƙa wa HylaFAX, manhajar da ke aika faks ɗin.

Amma ka kula da tsayi. Faks na gama-gari ɗigo 204 ne a kwance, 98 kawai a tsaye cikin kowane inci, to in ba ka raba tsayin biyu ba hoton zai miƙe. Ya taɓa faruwa da ni a shagona kusa da kasuwar Dole: rasit ɗin wani Alhaji ya isa Kano, hatiminsa mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Tun daga nan, maimakon na gama-gari, tsarin faks mai kyau nake zaɓa, ɗigo 204 a kwance, 196 a tsaye. Baƙin kuma yawanci inuwa ce. Ɗauki takardar a haske, ba a kan tabarma cikin zaure ba.