Firdausi: Kalmar Larabci Ce Ko ta Farisanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An yi mini haihuwa, na raɗa wa yarinyar suna Firdausi. Ranar suna wani abokina da ya yi karatu a Iran ya ce wai kalmar ba ta Larabci ba ce, ta Farisawa ce, kuma wai asalin ma'anarta bai wuce lambu ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin kalma ce da take cikin Alƙur'ani, wanda Allah ya ce ya saukar da shi da Larabci mabayyani. Ina neman a warware mini. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya ta, ya sanya albarka a rayuwarta. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a farkon labarin. Tushen kalmar daga tsofaffin harsunan Iran yake, amma ba daga bakin Farisawa Larabawa suka karɓe ta kai tsaye ba, kuma kafin ta iso gare su ta yi tafiyar kusan shekara 1000 tana sauya ma'ana a kowane zango.

Sau biyu kalmar ta zo a Alƙur'ani, a Suratul Kahfi aya ta 107, inda aka ce "jannatul firdausi nuzula", da Suratul Mu'minuna aya ta 11, inda aka siffanta muminai da cewa su ne masu gadon Firdausi. Hadisi ya fayyace matsayinta. A Sahihul Bukhari Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni cewa idan za a roƙi Allah a roƙe shi Firdausi, domin ita ce tsakiyar Aljanna kuma ƙololuwarta, Al'arshi yana samanta, daga cikinta ne ƙoramun Aljanna suke ɓuɓɓugowa. Ita ce kuma aka yi wa mahaifiyar Harisa ɗan Suraƙa bushara da ita bayan ɗanta ya yi shahada a Badar. Wannan ita ce ma'anar da Musulmi yake nufi idan ya furta kalmar, kuma binciken asali ba ya taɓa ta.

Mafi daɗewar surar kalmar tana cikin Abesta, littafin addinin Majusawa, inda aka rubuta ta "pairi-daeza". Kashi biyu ne aka haɗa. "Pairi" na nufin kewaye, "daeza" kuwa bango ne, daga wani tushe mai ma'anar kwaɓa ƙasa a gina. Daga wannan tushen ne Farisanci ya sami "diz" ko "dezh", wato ganuwa ko sansani mai katanga. Saboda haka ma'anar farko ita ce wurin da aka kewaye da bangon ƙasa, babu itace babu furanni a cikin zancen. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a sashen Abesta da ake kira Wendidad an yi amfani da kalmar ga wani kewaye da ake ginawa don killace mutumin da ya ɗauki gawa shi kaɗai, wanda a shari'ar Majusawa ya zama mai najasa. Wato a wurin da aka fara ganin kalmar a rubutun addini, ta fi kusa da ɗakin killacewa fiye da gidan ni'ima.

Yadda bango ya koma lambu ba abu ne mai wuyar ganewa ba ga wanda ya san ƙasa mai ƙarancin ruwa, inda shuka ba ta rayuwa sai an tsare ta daga dabbobi da iska da ɓarayi. Bahaushe ma idan ya ce garka, shingen yana cikin ma'anar kalmar tare da abin da aka shuka. Larabci ya bi wannan hanya da kansa, domin "hadiƙa" daga kewayewa take, kuma mutanen Madina suna kiran gonar dabino "ha'iɗ", wato bango, kamar yadda yake cike a hadisai.

Sarakunan daular Farisa ta farko, wadda Sairus Babba ya kafa wajen shekara ta 550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ta kuma faɗi a hannun Iskandar na Makidoniya a 330, su ne suka ɗaga darajar kalmar. Suna kewaye fili mai faɗin gaske, su janyo masa ruwa ta magudanai, su dasa itatuwan 'ya'ya a jere, wani lokaci su zuba namun daji don farautar sarki. Har yanzu ana ganin magudanan ruwa na dutse a kufan fadar Sairus da ke Fasargad. A allunan yumɓu da aka tono a Farsafolis, tsohon birnin sarakunan Farisa, a 1933, waɗanda bayanan rabon abinci ne na gwamnatin Sarki Dariyus, kalmar ta fito da harshen Elam, wani tsohon harshe na ƙasar Iran, a matsayin "partetash", kuma a can tana nufin gandun sarki da ake ajiye amfanin gona a ciki. Ibrananci ya are ta ya ce "pardes". A littafin Nehemiya an ambaci wani jami'i mai tsaron "pardes" na sarkin Farisa, wanda aka nemi katakon gini a wurinsa, alamar cewa a nan daji ne na sarki da ake sarar itace a ciki bisa izini.

Girkawa sun san kalmar ta hannun Zenofon, mutumin Atina da ya bi rundunar Sairus Ƙarami, wani yariman Farisa, a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ba da labarin wani babban "paradeisos" a garin Kelainai, cikin Turkiyya ta yau, cike da namun daji, inda yariman yake farauta a kan doki idan yana son motsa jikinsa da dawakansa, kogin Mayanda kuma yana ratsawa ta tsakiyar wurin. Har zuwa nan kalmar ba ta bar duniya ba, gandun sarauta ne kawai.

Babban juyin ya faru ne a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da malaman Yahudawa suka fassara Attaura zuwa Girkanci. Da suka zo kan gonar da aka zaunar da Annabi Adamu, wadda Ibrananci ya kira "gan", ba su ɗauki kalmar Girkanci ta lambun gida ba, sai suka ɗauki "paradeisos", wataƙila don ita ce take ɗauke da girman sarauta da yalwar ruwa. Tun daga nan kalmar ta shiga harshen addini. Linjilar Luka ta yi amfani da ita ga makomar salihai bayan mutuwa, Kiristocin Sham da Iraƙi masu magana da Suryaniyanci suka ce "pardaisa", har wani malaminsu, Afrem, wanda ya rasu a 373 Miladiyya, ya tsara waƙoƙi a kanta. Daga Girkanci ne kuma ta wuce Latin, ta isa harsunan Turai na yau.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa Larabawa ba daga Farisancin zamaninsu suka are ta ba, hujja ce ta sauti. A tarihin Farisanci, inda duk tsohon harshe yake da "rd" yakan narke ya koma "l". Haka tsohuwar kalmar shekara ta zama "sal", ta zuciya ta zama "dil". Kalmarmu ma ba ta tsira ba, ta koma "palez", wadda Iraniyawa suke cewa "paliz" a yau. Da daga Farisawan zamanin Kisra aka karɓo ta, da "l" za mu ji a ciki. Tun da "firdaus" ta riƙe "r" da "d", ta kuma ƙare da "s", to ta biyo ta Girkanci ko Aramiyanci ne, waɗanda suka are ta tun kafin sautin ya narke. Sauyin "p" zuwa "f" kuwa al'adar Larabci ce, domin ba shi da harafin "p": haka Pars ta zama Faris, "pil" ya zama "fil", wato giwa.

Akwai wani bayani mai kyau game da surar kalmar, wanda Arthur Jeffery ya kawo a littafinsa na baƙin kalmomin Alƙur'ani da aka buga a 1938. Balarabe ya ji "paradeisos" ya furta ta "faradis", sai kunnensa ya ji ta a kan ma'aunin jam'i, kamar "barazin", jam'in "birzaun", dokin kaya. Tun da ga jam'i, sai aka yanka masa tilo a kan wannan ma'auni, aka sami "firdaus". A ganina wannan bayani yana da ƙarfi, musamman da yake surar "faradis" ta daɗe a sunayen wurare a ƙasar Sham. Ɗaya daga cikin ƙofofin tsohon birnin Dimashƙa sunanta Babul Faradis, saboda lambunan da suke bayanta ta arewa, kuma tudun da Sarki Hirudus na Yahudiya ya gina fadarsa a kusa da Baitalami Larabawa suna kiransa Jabalul Furaidis.

Magabata ba su jahilci wannan ba, kuma ba su ji tsoron faɗinsa ba. An ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa Firdausi lambu ne da harshen Rumawa, wato Girkanci a istilahinsu. Zajjaj ya ce daga Rumanci aka ciro ta aka mayar da ita lafazin Larabci. Ka'abul Ahbar ya ce lambu ne mai inabi, Ikrima ya jingina ta ga Habashanci, Farra'u kuwa ya ce Larabci ce tsantsa. Binciken zamani ya gaskata Mujahid da Zajjaj a kan hanyar da ta biyo, sai dai ya ƙara da cewa su ma Girkawan aro suka yi.

Saura damuwarka ta ainihi, wato yadda baƙuwar kalma za ta shiga littafin da ya siffanta kansa da "lisanin arabiyyin mubin" a Suratush Shu'ara aya ta 195. Mas'ala ce da malamai suka daɗe da tattaunawa. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 Hijira, ya tsananta inkari ga mai cewa akwai wani harshe ban da Larabci a Alƙur'ani, yana mai cewa Larabci ya fi ƙarfin wani mutum ya kewaye shi in ba Annabi ba. Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya ce irin waɗannan kalmomi dacewa ce tsakanin harsuna, kowa yana da su. Abu Ubaid Alƙasim ɗan Sallam, wanda ya rasu a 224, shi ya kawo maganar da ta haɗa ɓangarorin biyu: asalin kalmomin na wasu al'ummu ne, amma Larabawa sun karɓe su tun kafin saukar wahayi, sun lanƙwasa su bisa harshensu har suka zama nasu, sai Alƙur'ani ya sauka ya same su cikin maganar mutane. Don haka, in ji shi, wanda ya ce Larabci ne ya yi gaskiya, wanda ya ce baƙi ne ma ya yi gaskiya. Wannan ra'ayi shi Jawaliƙi ya bi a littafinsa Almu'arrab, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da abin da ilimin harsuna ya gano. Ra'ayin dacewa yana da wuyar karewa a kan Firdausi, domin ana iya bin sawunta zango-zango, kuma kashinta biyu suna da ma'ana a Iraniyanci, ba su da ita a Larabci. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 Hijira, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya tattara irin waɗannan kalmomi fiye da 100, cikinsu har da "istabraƙ" da "sijjil" da "abariƙ" da ake jingina wa Farisanci.

Hausa ta karɓi kalmar daga Larabci ta hanyar karatun allo da na ilimi, ta ƙara mata wasali a ƙarshe kamar yadda take yi wa kalmomin aro, ta ce Firdausi, wasu kuma su haɗiye "r" su ce Fiddausi. Ba ta taɓa ɗaukar ma'anar lambu a Hausa ba, Aljanna kaɗai take nufi, sai kuma sunan mata.

A Iran kuwa kalmar ta rabu gida uku. Wadda ta zauna a gida ba ta yi ƙaura ba, wato "paliz", ta ƙare a matsayin gonar kankana da kokwamba. Wadda ta yi yawon duniya ta dawo bayan Musulunci da rigar Larabci, ana ce mata "ferdows", tana zaune kusa da kalmarsu ta gado ta Aljanna, "behesht", wadda asalinta a Abesta yake nufin mafi alheri. Daga wannan ta biyu ne babban mawaƙinsu Abulƙasim na garin Ɗus ya sami laƙabin Firdausi, shi da ya kammala Shahnama, doguwar waƙar tarihin sarakunan Iran, a 1010 Miladiyya, ya kuma shahara da ƙaranta kalmomin Larabci a baitocinsa. Wasalin ƙarshen laƙabinsa harafin dangantawa ne, ba irin ƙarin da Hausa ta yi ba, ko da yake furucin ya zo ɗaya. Ta ukun ita ce "pardis", surar da ta fi kama da tsohuwar kalmar, wadda ta yi farin jini a zamanin nan. Da ita ake kiran harabar jami'a a Iran, akwai kuma wani sabon gari a gabashin Tehran mai wannan suna.