Muryar da Yaya ya turo wa Auta a gurup ɗin gida

Salamu alaikum. To Auta na ji saƙonka, ka ce tun da ka koma Legas kullum kunnenka na kan wa'azi a waya amma zuciya ta ƙi zama wuri ɗaya, wai me za ka yi. Ka yi haƙuri da hayaniyar, ina shago ne.

Ni fa ban ce ka daina sauraro ba. Mu ma haka muka taso, da azumi Baba zai girke rediyo kan tabarma a kamo Kaduna, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, ko tari ba mai yi. Malam ya rasu tun 1992 amma har gobe ana amfana da muryarsa. Sai dai ka gane, rediyo ba ya ganinka, waya ma haka, balle ɗan guntun bidiyon TikTok ɗin nan da ake yanko rabin fatawa a bar rabi.

Lokacin da nake zuwa zaure ina Ahlari, ban ma kai Ishmawi ba balle Iziyya da Risala, wata rana ina alwala a bakin rariya ashe malam na kallona, sai ya nuno diddigena da carbi ya ce kai yaro, ka bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba. Wallahi shekaru ina yin haka ban sani ba, kuma littafin yana hannuna fa, na karanta wurin! Abin da kake rasa kenan, wanda ya san fuskarka, in kwana biyu bai gan ka ba ya aiko a ji ko lafiya.

Kuma kar ka ce min Legas ce, Agege da Idi-Araba da Mile 12 ina ne babu malaman da ke zama bayan magariba? Ka ɗau littafi ka je ka durƙusa, ko layi uku ne a rana.

Sannan Inna. Ba tes ba, kira, ranar Juma'a bayan an sauko, ka bar ta ta yi ta zancenta ko katinka zai ƙare, shawarar tana can cikin labarin awaki da na maƙwabta.

Iziyyata na nan, in ka samu malamin ka gaya min in ba direban motar Kano ya kawo maka. Bari in sallami mutumin nan, ya daɗe a tsaye.