Tambaya da Amsa: Ni tela ce, ina ruwana da aikin mishan?

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni tela ce a Sabon Garin Zariya, inada shago da yara mata biyu masu koyon ɗinki. A makon mishan da akayi a majami'armu mai wa'azi yace kowane mai bi ɗan mishan ne, tun ranar maganar nan take damuna. Ni banyi makarantar Baibul ba, sakandare ma ban ƙarasa ba, kuma yawancin masu kawo min ɗinki Musulmai ne, shekara da shekaru muna zaman mutunci dasu. Ina tsoron in buɗe baki in ɓata wannan zaman. Ina bada baiko na mishan duk shekara, wannan bai isa ba? Dan Allah a wayar min da kai.
Wata 'yar'uwa daga Zariya

AMSA: 'Yata, salamar Ubangiji ta tabbata a gareki. Mai wa'azin nan gaskiya ya faɗa, amma ina ganin ya tsaya a rabin hanya, ya ɗora miki kaya bai nuna miki yadda ake ɗauka ba.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Bayan an jejjefe Istifanas tsanani ya tashi a Urushalima, masu bi suka warwatse, kuma aya ta 1 ta faɗa a fili cewa manzanni basu tafi ba, su sun zauna. To su waye aya ta 4 tace suna ta shelar maganar duk inda suka je? Mutane ne irinki, 'yan gudun hijira, masu sana'a, mata da goyo. Sura 11 ta nuna wasu daga cikinsu suka kai bishara Antakiya, inda aka fara kiranmu Kirista, kuma ko sunan mutum ɗaya a cikinsu ba'a rubuta ba. Akila da matarsa kuma ɗinkin tanti ne sana'arsu, kinga abokan sana'arki ne, su suka ja mai wa'azi Afolos gefe suka ƙara masa haske, mutumin da ya fisu iya magana nesa ba kusa ba.

A ƙasarmu ma haka akayi. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 SIM, ƙungiyar mishan ɗin da suka fara, ta samu kafa tasha a Patigi. Muna girmama su ƙwarai, amma turawan nan nawa ne duka duka? Ƙauyukan da suka taka da ƙafarsu kaɗan ne. Sauran wuraren, malaman makaranta ne da masu aikin asibiti da 'yan kasuwa da matan Zumunta suka kai, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932 a hannunsu, wanda Dakta Miller na nan Zariyarku yasha wahala a kansa. Da aka fara shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 ma ai tushen abin kenan, a daina barwa fasto aikin shi kaɗai, manomi da birkila da uwargida su taru suyi addu'a su fita bibbiyu.

Baikonki yanada daraja, kada kowa ya raina miki shi. Akwai masu bishara a karkara da iyalinsu da wannan kuɗin suke cin abinci. Sai dai matan da ke zama a bencin shagonki suna jiran a gama musu riga, babu wani mai bishara da zai taɓa samun awa biyu dasu kamar yadda kike samu.

Toh me zakiyi? Ki fara da keken ɗinkin. Kowa yasan abinda ake faɗa akan teloli idan sallah ko kirsimeti ta matso, a karɓi kaya fiye da ƙarfi, ayi ta "gobe, jibi", ranar idi yarinya tana kuka babu riga. Ke idan kince Laraba ya zama Laraba, idan bazaki iya ba ki faɗa tun farko ko da kuɗin zai wuce ki. Ragowar atamfa ki miƙa wa mai ita. Yaran da ke koyo a wurinki ki koya musu yanka da awo da gaske, kada su shekara uku suna guga da aike. In anyi haihuwa kije barka, in anyi rasuwa kije ta'aziyya ki zauna, ba ki leƙa ki fita ba.

Amma bazan ce miki hali kaɗai ya wadatar ba, domin akwai teloli Musulmai masu cika alkawari sosai, wasu ma sun fi namu. Magana tanada wurinta. 1 Bitrus 3:15 tace mu zauna a shirye mu bada amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu, da tawali'u da ladabi. Kuma tambaya tana zuwa, musamman tsakanin mata. Wata zata ce miki mijinta ya rasa aiki, wata ɗanta na asibiti, wata zata ce ke Maman wane ya akayi bakya tada hankalinki. A nan sai ki faɗi abinda Yesu yayi miki da bakinki na yau da kullum, ki tambaya ko ta yarda kiyi mata addu'a, in tace a'a ki girmama a'arta, ki cigaba da ɗinka mata kaya da kyau kamar jiya. In aka tambayeki abinda kika gaskata game da gicciye da tashin Almasihu kada ki ɓoye don a so ki, su ma sun san mun bambanta a nan, kuma mutum yafi ganin girman wanda ya tsaya a kan imaninsa cikin ladabi. Abinda baki sani ba kice baki sani ba zaki tambayo.

Abu biyu nake roƙonki ki kiyaye. Kada bakinki ya taɓa aibata addininsu ko abinda suke girmamawa, ko da wasa, ko a bayan idonsu. Sannan idan yaran da ke koyo a wurinki 'ya'yan Musulmai ne, amana ce iyayensu suka baki, kada kiyi musu wani abu a ɓoye wanda bazaki iya yi a gaban iyayen ba. Alherin da kikeyi kuma kada ya zama tarko, ki ƙaunaci mace don Allah ya halicce ta, ko ta saurareki ko bata saurareki ba. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba'a ɗora miki wannan ba.

TAMBAYA: Baba, kullum ana ce mana mu zama masu kawo salama. Ni a kudancin Kaduna na tashi, an kashe kawuna a gonarsa, har yau ba'a kama kowa ba. Ina tuƙa keke napep a Sabon Tasha, gaskiya in na tsallaka gada zuwa cikin gari zuciyata tafasa takeyi. Wace salama zan kai wa mutanen nan? Ba wauta bace?
Wani matashi daga Kaduna

AMSA: Ɗana, Allah ya ta'azantar daku, ya riƙe iyalin da kawunka ya bari. Bazan ce maka ka manta ba, kuma fushinka akan jinin da ba'a bi kadinsa ba ba zunubi bane. Neman shari'a hakkinka ne, Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ku cigaba da bin maganar ta hannun hukuma da shugabannin ikilisiya, kada ku gaji.

Inda nake jin tsoro shine kalmar nan taka, "mutanen nan". Wanda ya kashe kawunka mutum ne mai suna, Allah ya sanshi. Dattijuwar da ka ɗauka daga kasuwa da buhun masara ba ita bace. Tun rikicin shekarar 2000 garin Kaduna ya rabu, Kirista suka taru a kudancin kogi Musulmi a arewa, yara suna tashi basu da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren sai labarin da suke ji, kuma kai kana cikin 'yan kaɗan da sana'arsu ke tsallakar dasu gadar nan kullum.

A garinku Fasto James Wuye yake. A rikicin 1992 ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowannensu yana jagorantar matasa a ɓangarensa. A 1995 aka haɗasu, daga baya suka kafa cibiyar sasanci, da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da malaman addinin biyu suka sa wa hannu a Kaduna a 2002. Abinda yasa na kawo maka shi, Wuye da bakinsa ya faɗa cewa an daɗe suna aiki tare zuciyarsa bata huce ba. Ya fara tafiyar tun ciwon yana ɗanye, hucewar daga baya tazo.

Ka tuna kuma da Yunin 2018 a ƙauyen Nghar ta Barikin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu. Shima daga cikin waɗanda kake kira mutanen nan yake. 'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), waɗanda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yansu ne, har hedikwatarsu ta Kwarhi aka ƙwace a shekarar, basu yar da koyarwarsu ta ƙin ramuwa ba, kuma wani ɗan ikilisiyar ne ya jagoranci kafa sansanin Gurku a jihar Nasarawa inda 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi ke zaune tare.

A Luka 10 da Yesu ya aiki almajirai bibbiyu, gaisuwar salama ya fara sa musu a baki kafin wa'azi, yace in ba'a karɓa ba zata komo musu. Romawa 12:18 kuma tace iyakar abinda ke hannunka ka zauna lafiya da kowa. Bance ka shiga inda za'a cuceka ba, in gari ya rikice ka ajiye keke ka zauna gida. Amma akwai abinda ke hannunka: kuɗin da kake caji kada ya canza saboda hijabi ko hula, wayar da fasinja ya manta ka nemeshi ka mayar, bidiyon gawarwaki da ake turowa a WhatsApp wanda ba'a san ko na wace shekara ko wace ƙasa bane ya mutu a wayarka, kuma in abokanka a tasha suka fara maganar ramuwa ka zama wanda zai ce a'a.

Wannan fushin kuma kada ka riƙeshi kai kaɗai. Ka samu fastonka ko wani dattijo da ka yarda dashi ka faɗa masa duk abinda ka rubuto min, har da wanda baka rubuto ba, kuyi addu'a tare. Ka sake rubuto min bayan wani lokaci inji yadda kake, da yadda matar kawunka da yaran suke.

Sauran wasiƙun da suka iso sai fitowa ta gaba in Ubangiji ya yarda.