Sayar da gidan abinci ko ba da shi haya: yaya zan yi da dillali?

Tambaya: Ina da gidan abinci kusa da kara a Maigatari, shekara tara ke nan. Yanzu gwiwa ta matsa mini. Wani dillali ya ce yana da mai saye, wani kuma ya ce gara in ba da haya. Wanne zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ki ba kowane dillali baki, ki tantance abin da yake naki a wurin. In rumfar kasuwa ce, ta ƙaramar hukuma ce, sai da saninta za a sauya suna. In fili ne na kanki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a mayar da filin karkara hannun wani sai ƙaramar hukuma ta amince. Abin da ba gardama a kansa shi ne kayanki: tukwane, kuloli, bencina, firiza, janareta. Ki rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da halin da yake ciki. Firizar da sai an buga mata hannu take tashi, ki faɗa, domin ɓoye aibi haramun ne a ciniki.

Abin da dillalai suka fi tallatawa kuwa shi ne ciniki, kuma nan rigima take. Za su kawo mai saye ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, ya tarar da fatake sun cika benci, ana ta miƙo kwano, ya ɗauka kullum haka ne. Ki sa ya dawo ranar Litinin ya ga wurin da idonsa. Ya kuma sani cewa masu cin tuwon nan hannunki suka saba da shi. In mai tuƙa miki ba za ta zauna ba, a gaya masa tun yanzu.

Ni dai na fi karkata ga haya ta shekara guda. Kuɗi na shigo miki, wurin yana hannunki, in gwiwar ta lafa ki dawo. Sai dai a rubuta wanda zai gyara abin da ya lalace, da wanda zai karɓi bashin da kike bin direbobi da 'yan kamasho.

Shi kuma dillalin, a yanke la'adarsa tun farko, a san wa zai biya, kuma ba ya karɓa sai ciniki ya faɗa. Kada ki yarda da "ki faɗi naki, abin da ya hau nawa ne" alhali ba ki ga mai sayen ba. Ki zauna da mai sayen ido da ido, ya damƙa kuɗin a hannunki ko ya tura asusunki, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu a takardar, kowa ya tafi da kwafinsa.