Ƙafar Mama na ɗaurewa cikin dare, ga kuma ciwon suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah taimako nake nema a kan mahaifiyata, shekararta 58, tana fama da ciwon suga yau shekara 11, likita ya ce sugan ya taɓa mata jijiyoyin ƙafa, tafin ƙafar sai ya dinga zugi kamar an zuba barkono wani sa'in kuma ko an taɓa ba ta ji. Toh yanzu kusan kullum wajen ƙarfe biyun dare sai sharaɓarta ta ɗaure tamau kamar dutse, yatsun su lanƙwashe tana ta salati har mu farka. Muna gasa mata da ruwan zafi, wata maƙwabciyarmu kuma ta ce a ba ta kwinin ko ta jiƙa kanwa ta sha. Ya za mu yi? Daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan tashin daren da kike yi.

Kafin komai dan girman Allah ku bar gashin nan daga yau. Ƙafar da ba ta ji sosai ba ta iya gaya wa mai ita ruwa ya yi zafi, ni da idona na ga wata dattijuwa a layinmu da ta kara ƙafa jikin kaskon wuta lokacin hunturu ta yi barcinta, da safe duddugen ya tashi ya ɗuri ruwa ita ba ta ma sani ba, wata uku ana zaryar wankin ciwo. In dole sai an ɗumama to ki fara gwada ruwan da gwiwar hannunki, ya zama ɗumi-ɗumi kawai, ko ki sa mata safa.

Kin san jijiyar da ke kai wa tsoka saƙo in ta samu rauni sai ta dinga aika saƙon da ba wanda ya sa ta, tsokar ta damƙe ta ƙi saki. Maganin wannan lokacin a hannunki yake. Ki miƙar da ƙafar sambal kar gwiwa ta lanƙwashe, ki tallafi tafin ki tura yatsun sama wajen ƙwauri a hankali ki riƙe, za ki ji dutsen nan yana narkewa a ƙarƙashin hannunki, sai ki mulmula sharaɓar. In ita kaɗai ce ta maƙala ɗankwali a tafin ƙafar ta jawo wajenta. Kuma ta riƙa yin haka kowane dare bayan isha'i tun ciwon bai zo ba, kowace ƙafa sau uku. An gwada wannan a ƙasar Holan a 2012 kan mutanen da suka haura shekara 55, cikin sati 6 ɗaurewar ta ragu. Bargo mai nauyi da ke danne yatsu ƙasa shi ma a sassauta shi, ta kuma sha ruwa sosai da rana musamman in zafin bazara ya kankama.

Kwinin kam a'a. Tun 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kan shan sa don ɗaurewar ƙafa, yana iya jawo zubar jini da rikita bugun zuciya, kuma yana faɗar da suga ƙasa, ki duba mai shan maganin suga kuma cikin dare. Kanwa kuwa dangin gishiri ne ya fi yawa a cikinta, hawan jini za ta tayar. Haka haɗin da ake ƙullowa a kemis na maganin ciwon jiki, irin su diclofenac suna wahalar da ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama lallaɓa ta ake.

Ranar kilinik ki zuba duk magungunanta a leda ki bi ta. Ki tambayi likita ko a ciki akwai mai sa yawan fitsari ko na rage kitsen jini, don suna iya kawo ɗaurewar. In maganin sugan da ake kira metformin take sha tsawon shekarun nan a auna mata bitamin B12 don yana rage shi, rashinsa kuma ƙara lalata jijiya yake. A duba ƙoda da sinadaran jini kafin wani ya ce ta sayi ƙwayar sinadarin magnesium. Akwai magungunan zugin jijiya irin su gabapentin da amitriptyline amma suna sa jiri da barci, likita ne zai yanka mata adadin. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika wajen likitocin jijiya.

Amma ranar da kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko ta yi sanyi ƙalau launinta ya canza, ko wani ƙurji ya fito tsakanin yatsu, kar ku jira ranar kilinik, a ranar za ku tafi asibiti.