Amsa ga ƙanenmu mai son aikin ceto a ruwa a hutun bazara

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta cewa kana son neman aikin ɗalibai a ƙananan jiragen ceto na rundunar tsaron gaɓar ruwan Kanada, amma Hajiya ta ƙi saboda tsoron ruwa, sai na ga kaina, domin ni ma sai da kawuna ya sa baki kafin mahaifiyata ta sa mini albarka.

Na yi aikin a wani babban tafki a lardin Ontario daga watan Mayu zuwa farkon Satumba, mu uku a jirgi, kira yana zuwa daga cibiyar tsara ayyukan ceto da ke garin Trenton ko ta tasha ta 16 a rediyon jirgi, wadda ake kiran neman agaji a kanta. Yawancinsa janyo jiragen da mai ya ƙare musu ne. Amma akwai wani dare a farkon Yuni da har yau ban manta ba. Wani mutum ya fita da ɗansa, ya sha giya, ko rigar ceto bai sa wa yaron ba, yaron ya faɗa ruwa. Ni na kamo shi, leɓunansa sun canza launi, jikinsa sanyi ƙalau, domin ruwan tafkin bai gama ɗumama ba a wannan lokacin. Ina lulluɓe shi da bargo, hannuna yana rawa, uban kuwa yana tsaye a kaina yana zagina wai mun makara, har yana kwaikwayon yadda nake Turanci. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma uban ko kallona bai yi ba da muka iso gaɓa. Na yi kwanaki abinci ba ya shiga.

Kada ka ɓoye wa Hajiya komai. Ka nuna mata hoton rigar ceton, ka gaya mata ana horar da ku kafin a tura ku tashar ceto, sannan ka nemi babban da take jin maganarsa. Ka duba takardunka tun yanzu, domin 'yan ƙasa da masu izinin zaman dindindin ake fifitawa, kuma ka samu katin tuƙa jirgi, shaidar amfani da rediyo da ta agajin gaggawa tun da hunturu. Ka riƙa yin salla da zarar lokacinta ya shiga, domin kira ba ya jira. Idan kuma ka tsamo mutum, don Allah kada ka kwana da abin a ranka kai kaɗai kamar yadda na yi, ka kira ni ko da tsakar dare ne.