Dokina Yana Ɗingishi Bayan Sukuwa

Tambaya: Likita, ina da ingarma mai shekara 4 da nake fitarwa sukuwa a nan Damagaram. Duk ranar da ya yi gudu sai gaɓar da ke saman kofaton ƙafarsa ta gaba ta kumbura, ya kwana biyu yana ɗingishi, sannan ya miƙe. Masu ɗori sun ce targaɗe ne, wasu kuma sun ce a yi masa sakiya. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Alhaji, abin da ka bayyana ya fi kama da ɓantarewar ƙashi a cikin gaɓa. Idan doki yana sukuwa, nauyinsa duka kan sauka a ƙafa ɗaya, gaɓar ta lanƙwashe har tuntun gashin da ke bayanta ya kusa taɓa ƙasa, sai bakin ƙashin ƙasa ya dinga bugun na sama ta gaba, har wani guntu, sau da yawa bai wuce ƙwayar dawa ba, ya ɓalle. Shi yake gurzar guringuntsi, gaɓar ta tara ruwa.

Da asuba, kafin a ɗaura sirdi, ka dafa gaɓar da tafin hannu ka gwada da ɗaya ƙafar. Za ka ji ɗumi da taushi kamar salka. Likita zai lanƙwashe ta na ɗan lokaci, ya sa a ja dokin da sassarfa, amma tabbaci sai hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, kuma a ɗauka ta fuska 4 aƙalla, domin guntun kan ɓuya a hoto ɗaya.

Maganin da ya fi shi ne a ciro guntun da ƴar kyamara ta ƙaramar ƙofa, bayan an sa dokin barci. Idan guringuntsin bai lalace ba, yakan koma horo cikin mako 6 zuwa 8. Kafin a samu wannan, a dakatar da sukuwa da hawan Sallah, a riƙa kwarara wa gaɓar ruwan sanyi minti 20 safe da yamma, a bar shi a turke bisa rairayi mai laushi.

Sakiya kam ban yarda da ita ba, domin ƙarfe mai zafi ba ya ciro ƙashi, kuma idan ya huda gaɓar, ƙwayoyin cuta za su shiga, abin da kan nakasa doki gaba ɗaya. Haka maganin fenilbutazon: yana rage kumburi, amma a ba shi a kan umarnin likita na ƴan kwanaki kawai, don yana ɓoye ciwon, yana kuma taɓa ciki da ƙoda.